Dogon jirgin da ya shiga rabon gado

Ruwan farko da ya sauka bana ya cika wa maigidana shekara goma sha uku a ƙasa. Sunansa na yanka ban taɓa faɗi ba yana da rai, ba kuwa a jarida zan fara ba. Amma duk wanda ya ci kasuwar Urafan a wancan zamani ya san Mai-jirgi, mai liƙin bokiti da fitila, wanda ke zama gindin bedi da ɗan murhunsa na gawayi. Shi nake nufi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na yi shi, don haka zan rubuta yadda zan faɗa wa maƙwabciya in ta shigo ɗibar wuta ta zauna.

Ƙasarmu ba ta da jirgin ƙasa, wannan kowa ya sani. Ni har yau ban ga na gaske ba. Iyakata Tasawa, sai Mayahi da na taɓa zuwa biki. Shi kuwa ya gan shi tun yana saurayi, lokacin da gyaɗa ke da daraja, suna zuwa cin rani Kano suna dakon buhuna zuwa cikin tarago. Ya ce ranar da ya fara jin kukansa sai da ya yar da buhu ya ruga, 'yan dako suna dariya suna cewa ɗan Faransa, haka suke kiran mutanen ƙasarmu, ya ga aljani. Kafin rani ya ƙare, shi ne ya koma mai tsayawa bakin dogo har taragon ƙarshe ya ɓace. A wannan tafiya ce ya ga ɗan ƙaraminsa na gwangwani wajen 'yan gwanjo, cikin tarkacen wani Bature da ya tashi: kan jirgi baƙi mai jan layi a gefe, da taragai, da dogonsa gunduwa-gunduwa an ɗaure da zare. Abokan tafiyarsa suka komo gida da turmin atamfa da agogo. Shi ya komo da wannan.

Da aka kawo ni gidansa na tarar da akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, ya ce kada in taɓa. Na yi wata guda ina kewaye shi da tsintsiya, na ɗauka asiri ne ya gada. Ranar da ya buɗe mini, ya murɗa makulli ya aje abin a ƙasa ya soma gudu da kansa, sai ga ni bisa gado na naɗe ƙafafu ina salati. Har ya bar duniya bai daina ba mutane labarin nan ba, kuma kowace shekara tsallen nawa ƙara tsawo yake.

Daga nan ya shiga tarawa. Ba mai hali ba ne, manomi ne mai sana'ar hannu, amma kunnensa na kan duk wanda ya fito wata ƙasa. Wani jirgin ya samo shi a butikin wani kwara, Balarabe mai kanti, a Maraɗi, kore ne mai ɗan ƙararrawa. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa bakin teku ya kawo mishi wani da ƙafa ɗaya a karye, ya zauna ya ƙera mishi wata da murfin gwangwanin madara. Wani alhaji ya sawo wa jikansa tsaraba daga Makka, hanjin ciki, ƙarfen da makulli ke naɗewa, ya tsinke, aka kawo gyara, maigidan ya yi ta bin alhajin da gaisuwa safe da maraice har mutumin ya gaji ya bar mishi. Kowanne da sunansa. Baƙin nan na fari shi ne Ɗan-Kano. Koren Kwara. Mai ƙafar madara Gurgu. Na Makka kuwa Hajiya, don fara ce kuma ba ta son wahala, ko ƙwayar yashi ta taka sai ta tsaya. Akwai wani babba da ƙafafunsa suka yi wa dogon faɗi, bai taɓa hawa ba, yana nan zaune cikin akwati. Shi ya sa wa suna Kwamanda, wai ba ya aiki sai dai a yi mishi.

Kawuna sun yawaita, taragai sun yawaita, amma dogo ɗaya ne tak, wanda ya zo da Ɗan-Kano. Ku riƙe wannan, don shi ne maganar. Gunduwoyi ne masu lanƙwasa, kowace da ɗan tsinke a baki da ke shiga ramin 'yar'uwarta. In aka jona su duka sai su zama zobe kamar bakin tabarmar zagaye. Jirgi ya tashi daga gabanka, ya kewaya, ya komo gabanka.

Ranar Juma'a bayan la'asar yake fiddo su. Abokin gabarsa yashi ne, kun kuwa san ƙasarmu, ko tuwo sai ka tauna shi. Saboda haka sai ya cire ƙyauren ɗakina, na katako ne mai sumul, ya ɗora shi bisa tubala a tsakar gida. Ya sa tasa cike da ruwa a tsakiya, yana cusa tsumma ƙarƙashin wannan kusurwa da waccan har ruwan ya kwanta daidai da bakin tasa. Sannan ya share katakon da gashin kaza, ya jona dogo, ya ɗiga wa kowace ƙafa man keken ɗinki da tsinken tsintsiya. Makulli kuwa ba ya murɗa shi har ƙarshe. Yakan ce hanjin jirgi kamar cikin mutum ne, in ka cika shi ya fashe, in ka bar shi ba motsi ya mutu. Duk wannan ni ina madafa ɗakina a buɗe, kaji na shiga suna fita. Na yi mita har na gaji. Ya ce, "Uwar gida, mi ke cikin ɗakin nan da ɓarawo zai ɗauka? Dukiyar duk ga ta nan waje."

Ban cika zuwa kallo ba, aiki ya yi mini yawa, amma daga madafa na san wanda ke bisa dogo. Ɗan-Kano gurnani yake kamar tsohon rago. Kwara yana tafe yana kilin-kilin. Gurgu in ya zo inda aka jona gunduwa sai ya yi ɗan tari. Hajiya kuwa siririn kuka gare ta kamar sauro. Wani lokaci in ɗaga murya in ce, "Gurgu na son mai," ya duba ya ga haka ne. Ya ce da an kawo reluwe ƙasar nan ni za a ɗauka aikin saurare.

Dattawan unguwa su ne 'yan kallo, kowa da buzunsa, wai sun zo gaisuwar Juma'a. Wansa, Baba Ɗan-Jimma, shi ne mai tsiya. Ya shigo yana cewa, "Ga gemu ga wasan yara. To direba, yau ina muka nufa?" Maigidan ya ce, "Kano, yaya. Kawo kuɗin mato." Ya ce, "Jirgin da ko ƙwayar hatsi bai ɗauka?" Sai maigidan ya zuba hatsi cikin tarago da ɗan cokali ya sake shi, ya je ya kewayo ya tsaya gaban Baba Ɗan-Jimma. Tsohon ya kwashe ya watsa baki ya ce, "An yi sata a hanya, ba haka aka loda ba." Duk tsiyar nan, in wata Juma'a ba a fiddo ba, shi zai fara aiko tambaya ko lafiya.

A jikin taragan an zana tagogi da fuskokin mutane, wani da hula, wata da yaro a cinya. Na taɓa tambayarsa ina waɗannan bayin Allah za su, shekara da shekaru ba su sauka ba. Ya ce, "Gida za su. Shi jirgi abin da ya sa nike son shi ke nan, bai ɓata hanya. Inda ya tashi nan yake komowa."

Fari na farko ya zo muna da yara uku: babban, wanda ba na faɗin sunansa don ɗan fari ne, Babba muke ce mishi, sai Salisu, sai ɗiyata Rabi. Shanun Filani suka mutu a bakin rijiyoyi, gyaɗa ta tafi ba ta komo ba, soja suka karɓi mulki. Muka ci jar dawar taimako da ake kawowa cikin kamiyo, in ta iso. A radiyo akan ce wata rana za a ja dogo daga bakin teku har cikin ƙasarmu. Duk ranar da aka faɗi haka maigidan ba ya cin abinci da kyau. Ya zauna yana zana hanya da yatsa cikin yashi, ga Maraɗi, ga Tasawa, ga inda ya kamata a yi tasha. Yakan ce da akwai jirgi, da hatsi ya iso kafin mutane su watse, wanda ya watse ma da ya san hanyar komowa.

A shekarun sojan nan hanya ta cika da shinge. Wata rana yana komowa daga kudu da sabon tarago da hanjin agogo cikin jaka, jandarma suka tsayar da mato suka zazzage kayan kowa. Babbansu ya ga ƙarfe a naɗe da makulli, ya ɗaure fuska ya ce mine ne wanga. Maigidan ya ce a ba shi tebur. Ɗan-Kano na cikin jakar, don ba ya tafiya sayen tarago ba tare da kan da zai gwada ba. Ya murɗa, ya sake shi bisa teburin, ya tare shi da hannu a ɗaya bakin. Ya ce kafin ka ce haka, duk masu bindigar nan sun tsuguna, wannan na cewa a ba shi ya murɗa, wancan na cewa shi ne gaba. Fasinja suka yi ta jira cikin rana suna tsine mishi a zuci.

Fari na biyu shi ne ya karya mu. Aka shuka, ya bushe, aka sake shukawa, ya bushe. Rumbu ya koma wurin kwanan akuya, akuyar ma ta tafi. Mata muka shiga daji ɗibar anza, 'ya'yan itace masu ɗaci, muna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Gida-gida aka soma jan ƙaya a rufe ƙofa. Kasuwa ta mutu, don wanda bai da abin zubawa cikin bokiti ba ya kawo shi liƙi. Amma Juma'a bayan la'asar sai ya cire ƙyaure. Buzaye a tsakar gida suka yi ta raguwa. Wannan ya tafi Kano, wancan ya bi ɗansa Damagaram, wani an kai shi makwanci. Har aka zo Juma'ar da ba kowa sai ni. Ba girki a madafa, ba abin da zai riƙe ni, na fito na zauna bisa turmi. Wannan shekarar ce na fara kallon jirgin da idona sosai. Yana murɗa makulli tari na cin shi. Na ce ya bari ya huta. Ya ce, "In na bari, hanjin ya kwanta. Ran da mutane suka komo mi za su tarar?"

Bai ga komowarsu ba. Ruwan farko na shekarar da ta biyo ya sauka da safe, ya ji ƙamshin ƙasa ya ce a buɗe mishi ƙofa, kafin azahar ya cika.

Ranar sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Ina cikin takaba, ina ɗaki, tsakanina da su zana ce kawai. Liman mutumin kirki ne mai tsoron haƙƙi, ya ce duk abin da mamaci ya bari, ko allura ce, sai ta shiga rabo. Gona aka ce a bar ta haɗe tukuna. Dabba babu, hatsi babu. Kayan liƙi, riguna, buzu, sai akwatin ƙarfe. Da shekara ce mai kyau, da an yi wa akwatin kuɗi wani ya ɗauka gaba ɗaya. Amma wa zai sayi jirgin gwangwani a shekarar da ake sayar da ƙofar ɗaki don tiyar hatsi? Kuma yaran kowa ya ɗaura niyyar tafiya. Babba zai yi arewa, Aljeriya, Salisu zai yi Kano, Rabi za ta koma gidan mijinta Atantane. Kowa na son ya tafi da abin ubansa a jaka. Aka ce to a raba su yadda suke.

Liman bai taɓa zuwa kallon Juma'a ba. Ya yi yadda ake yi da kwanoni da cokula: iri-iri, kowane iri tsibinsa. Kawuna tsibi guda, taragai tsibi guda, gunduwoyin dogo tsibi guda, makullai ma tsibinsu daban. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, ni da tumunina. Daga bayan zana ina jin ƙarar kowane ana aje shi gaban mai shi. Na ji kilin, na san Kwara ya tafi wajen Salisu. Na ji an ɗaga wata marar nauyi, na san Hajiya ce, gaban Babba. Sannan na ji ana kwance zaren dogo, ana jefa gunduwoyi nan da can, kwas, kwas. Mai takaba ba ta ɗaga murya cikin maza. Baba Ɗan-Jimma, wanda shi kaɗai zai iya cewa a dakata, yunwa ta riga ta kai shi wajen ɗiyarsa a kudu. Yaran kuwa idonsu ya rufe da kuka da tunanin hanya. Ba wanda ya yi mugunta. An yi rabo daidai yadda addini ya ce, ba a ci haƙƙin kowa ba. Sai dai kowa ya tashi da abin da ba ya tafiya. Har makullin Kwara sai da ya faɗa kashin Rabi, jirgin na Kano makullinsa na Atantane.

Ni aka ba ni Ɗan-Kano, Allah ya sa da makullinsa, da 'yar gunduwar dogo guda. Kwamanda ma ni aka bar wa, don ba wanda ya so ɗaukar nauyinsa.

Gidan ya yi shiru irin wanda ban san akwai shi ba. Ni mai surutu ce, kowa ya shaida, ko kaza na samu sai na ba ta labari. Sai ga ni ina kwana ina tashi ba wanda zan ce wa ka ji. Ƙyauren ɗakina ya zauna a wurinsa, abin da na yi shekaru ina roƙo, na kuwa tsani ganinsa a rufe. Juma'a bayan la'asar sai in fiddo Ɗan-Kano, in ɗiga mishi mai, in murɗa makulli ba har ƙarshe ba, in riƙe shi a hannu ƙafafunsa na juyawa cikin iska har gurnanin ya mutu. Kada hanjin ya kwanta. Iyakar abin da na iya ke nan.

Mutane sun komo, wasu. Baba Ɗan-Jimma bai komo ba. Salisu ya zauna Kano yana gyaran radiyo, hannun ubansa ya ɗauko. Rabi takan zo in an yi girbi. Babba kuwa da fari yakan aiko kaset ta hannun masu zuwa gida, in kai gidan maƙwabta a sa mini. Gaisuwa ce, da cewa yana aikin gini, da a yi mishi addu'a. A kaset na ƙarshe, bayan ya gama gaishe da kowa da sunansa, sai na ji wani siririn kuka kamar sauro. Masu gidan suka ce kaset ɗin ya lalace, za su cire. Na ce kada wanda ya taɓa. Hajiya ce. Ya murɗa ta kusa da radiyon don in ji, ya san zan gane. Daga wannan ba a sake kawo wani ba. Na tambayi duk wanda ya fito arewa. Wani ya ce ya gan shi ya ƙara gaba, wani ya ce bai san mai wannan suna ba. Ba wanda ya ce ya mutu. Ba wanda ya ce yana nan.

Nakan zauna in ce, da maigidan zai leƙo yau, mi zai ce? An yi farar hula, an yi ta zaɓe da gardama, ga soja sun sake komowa. Damina ta sake yin gardama, bara hatsi bai kai mu ko tsakiyar rani ba, samari sun sake ɗaure jaka. Radiyo har yanzu takan ce za a ja dogo. Na san da ya ji sai ya gyara zama ya share yashi da tafin hannu ya soma zane, ko kunya ba zai ji ba. Kasuwa kuwa ta cika da motocin roba masu cin pil, wato batir, masu walƙiya da kuka. Jikokina sun zo da irinsu. Kwana biyu suka fashe aka yar. Da shi ne, sai ya juya guda ya duba ciki ya ce, "Wagga ba ta da hanji, ina za a gyara ta?" Bokiti ma duk na roba ne yanzu. Gindin bedin nan wani mai sayar da isansi, man mato, cikin kwalabe ne ke zama.

Bana na aika wa Salisu da Rabi na ce in za su zo addu'ar ubansu, kowa ya zo da kashinsa. Ban zaci kayan suna nan ba. Rabi ta kwance ɗan ƙullin zane, ga gunduwoyinta da Gurgu da makullin da ba nata ba, ta ɓoye su cikin kwallarta duk shekarun nan don kada yara su gani. Salisu ya zo da nasa cikin gwangwanin madara, ya shafe su da mai. Bayan la'asar ya cire ƙyaure. Ban faɗa mishi a sa tasar ruwa ba, da kansa ya ce, "Inna, ina tasa?" Na juya baya na yi kamar ina neman ta.

Ya jona nasa, ya jona na Rabi, ya jona tawa. Zoben ya taho ya taho, ya tsaya. Wajen gabas ga giɓi, faɗinsa ya kai kamu guda, katako tsirara. Kashin Babba. Duk da haka Salisu ya murɗa Ɗan-Kano ya ɗora. Shekara goma sha uku ban ji gurnanin nan bisa ƙarfe ba, ashe daban yake da na cikin iska, yana da nauyi. Ya kewayo gabana, ya wuce gaban Rabi, ya iso giɓin, ya sauka bisa katako ya miƙe ya faɗa cikin yashi ƙafafu sama.

Salisu ya ɗauke shi yana hure yashin. Ya ce, "Inna, wannan ba wani abu ba ne. Akwai maƙerin gwangwani a Tasawa, in na kai mishi guda ya gani, kafin azahar ya buga mana irinta. Ni ma zan iya."

Na ce, "Na san za ka iya."

Ya ce, "To mi ya hana?"

Na ce, "Wurin yayanka ne."

Rabi ta ce, "Inna, yaya Salisu na da gaskiya. Babanmu so yake jirgi ya kewaya. In yaya Babba ya zo ai sai a cire na maƙeri a sa nashi."

Na ce, "In ya zo ya tarar an cike, mi zai ce ya kawo?"

Salisu ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Inna, shekara nawa ke nan. Ya kamata a yi mishi abin da ake yi." Na gane nufinsa. Sadaka yake nufi, irin wadda ake yi wa wanda ba a sa ran ganinsa. Ya daɗe da maganar nan a ciki, jirgin ne ya ba shi ƙofa. Ban yi fushi ba, yaron kirki ne, shi ke ɗauke da ni. Na ce mishi ranar da wani ya zo ya zauna gabana ya ce da idonsa ya gani, ni da kaina zan ba shi gunduwata ya kai Tasawa. Kafin nan ba maƙerin da zai taɓa dogon nan.

Na ce ya sake murɗawa. Na ja turmi na zauna wajen gabas, daidai giɓin. Da Ɗan-Kano ya iso ƙarshen ƙarfe na tare shi da hannu, na ɗaga shi yana ta gurnani cikin tafina, na ɗora shi a ɗaya bakin, ya ci gaba. Ya kewayo, na sake ɗaga shi. Rabi ta yi dariya da hawaye ta ce, "Yau ga Inna ta samu aikin reluwe." Salisu kuwa sai ya ɗauko makullin Kwara daga ƙullin ƙanwarsa ya shiga murɗawa.

Sun koma, kowa da inda ake jiransa. Kayan sun bar mini. Ƙyauren ma na hana a mayar, na rataya tabarma a ƙofar, don ba ni da ƙarfin cire shi ni kaɗai kowane mako. Kaji sun samu hanya.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Mai-jirgi, ba gida ya gina ba, ba rijiya ya haƙa ba. Bokitan da ya liƙe sun daɗe da ruɓewa, waɗanda suka yi dariya da shi bisa buzu yawancinsu sun bi shi. Dogon da ya yi ta zanawa cikin yashi iska ta share. Abin da ya rage shi ne ɗan da ya tambayi tasa ba a ce mishi ba, da ɗiyar da ta ɓoye makullin da ba ya buɗe mata komai, da wani can bayan hamada wanda ya san uwarsa za ta gane kukan sauro. Sai kuma wannan taurin kai nasa na fiddo jirgi ko ba mai kallo, wanda na yi shekaru ina mita a kansa, ga shi ya bar mini shi gado ba tare da liman ya raba ba.

Allah ya ji ƙansa, ya sa ya isa gida. Wanda duk ya karanta wannan a hanyar arewa, in ya gamu da mutumin Urafan mai farin jirgin gwangwani a jaka da 'yan gunduwoyin ƙarfe masu lanƙwasa, ya ce mishi ba a cike wurin ba. Juma'a bayan la'asar ina nan bisa turmi wajen gabas, hannuna a buɗe.